Baffa, Wanda Ya Kai Labarin Gidanmu Aji

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Na faɗi wannan kalma sau ba adadi a ranar da Baffa ya rasu, amma zuciyata ba ta zauna ba, har yau kuma ba ta gama zama ba.

Gidanmu na cikin birnin Zazzau, wajen Ƙofar Gayan, a wani lungu da mota ba ta shiga. Ranar, lungun ya cika har babu masakar tsinke. Gwaggo, babbar yayar Baba da Baffa, tana zaune a ƙofar ɗaki da carbi a hannu, duk wadda ta ce mata "Ya haƙuri?" sai ta ce, "Shi ne fa ƙaraminmu. Ni na goya shi." Ba ta ƙara komai. Baba kuwa yana zaure tare da maza. Ƙanena ya shigo ya raɗa mini cewa an miƙa wa Baba ruwa ya kasa riƙe kofin, hannunsa sai rawa yake yi. Wannan hannun ya yi shekara da shekaru yana riƙe allura bai taɓa karkarwa ba.

Ɗalibai sun zo da yawa, na da da na yanzu. Akwai wata da ke da injin casar shinkafa, ta zo tun daga Kano, ta zauna tana kuka kamar ubanta ne ya mutu. Akwai kuma wata yarinya daga ajinsa na bana. Ta durƙusa ta yi mini gaisuwa, sannan bakinta ya suɓuce ta ce, "Malama, to yanzu wa zai ƙarasa mana kwas ɗin?" Nan take kunya ta kama ta, ta rufe fuska da mayafi. Ban ga laifinta ba. Tambayar da ke cin raina ke nan tun daga asibiti.

Wajen la'asar wata dattijuwa ta yi sallama, da ɗankwali da jaka a hammata. Na gane ta, tsohuwar mai buga takardu ce ta sashen da Baffa ke koyarwa, 'yar Wusasa, Kirista, ta daɗe da yin ritaya. Ta zauna cikin mata ta ce Allah ya ji ƙansa, sannan ta dubi Gwaggo ta ce, "Hajiya, ƙaninki ne ya sa na ci abinci har na tsufa." Ta ba da labarin lokacin da aka kawo kwamfuta ofis aka kwashe tafireta, aka fara raɗe-raɗin za a sallami irinsu. Ta ce tsoron abin take ji, ko taɓa shi ba ta iya yi. Baffa ne ya riƙa tsayawa bayan an tashi aiki yana nuna mata, yau kaɗan gobe kaɗan, har damina ta wuce. Ta ce wata rana ta goge masa takardar da ya wahala a kanta, ta fashe da kuka, shi kuwa ya ce, "Madam, yanzu kin san maɓallin da ba a taɓawa. Ni ma haka na san shi." Babu wanda ya taɓa jin wannan labari a gidanmu. Na rubuta abin da ke biye ne don kada sauran labaransa su tafi haka.

Baffa ƙanin Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sana'ar gidanmu ɗinkin babbar riga ce, aikin hannu, tun kakanni. Baba ya gaji allura da shago, Baffa aka sa shi boko, ya yi nisa har ya zama malami a sashen koyar da harkokin kasuwanci na wata babbar makaranta a nan Zariya. Darasin da aka san shi da shi shi ne yadda kamfani ke tafiyar da sabuwar fasaha: yaushe za a saye ta, wa za a koya wa, me za a bari, me za a riƙe. Ni ma a sashen nake koyarwa yanzu, shi ya ja ni.

Mutum ne mai ɗari-ɗari da sabon abu, abin da ke ba mutane mamaki ga mai irin darasinsa. In ya je sayen waya ko janareta, ba ya fara tambayar me take iya yi. Sai ya ce wa mai shago, "In ta lalace, wa ke gyara ta a garin nan? Kira mini shi mu gaisa." A aji yakan tura hula ƙeya, ya riƙa kai da kawo, ya ce, "Inji baƙo ne. Kafin ka kawo baƙo gida, ka san wanda zai tashi ya ba shi wurin kwana." Littattafan da ake kawowa daga waje yana karanta su yana kuma karantar da su, amma yakan rufe littafi ya ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa zama a garin da ake ɗauke wuta ana tsakiyar aiki ba. Daga nan sai ya kwashi ɗalibai a bas, a je gidan burodi, a je maɗaba'a, a je wurin masu casar shinkafa. Ba ya barin su tsaya wajen manaja kaɗai. Sai ya tura su bayan gida, wurin wanda ke share injin, su tambaye shi.

Ba haka yake ba tun farko. Abin da ya mai da shi haka a zauren gidanmu ya faru.

Ina makarantar sakandare lokacin. Baffa ya je wani baje-koli a Legas ya ga injin surfani mai aiki da kwamfuta, wanda ake saka wa zane ya ɗinka shi da kansa. Ya dawo kamar wanda ya ga watan Sallah. Kullum bayan azahar yana zaure wurin Baba.

"Yaya, rigar da mutanenka ke kwashe wata suna yi, wannan kafin yamma ya gama. In ba ka saya ba wani zai saya, ya kwashe maka kasuwa."

"Su kuma mutanen nawa fa?" in ji Baba.

"Duniya ba ta jiran kowa, Yaya."

Mutanen da Baba ke nufi manoma ne na ƙauyukan da ke kewaye da birni. In an gama girbi sai su shigo su karɓi riguna da zare, su tafi gida su yi ta ɗinki har rani ya ƙare. Wasu tun iyayensu suke karɓar aiki a gidanmu. Baba ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya sayar da wata gonar gado ya sayi injin. Ranar da aka kawo shi, mota ta tsaya a bakin titi, majiya ƙarfi suka ɗauko shi a kafaɗa ta cikin lungu, ya ƙi shiga ƙofa, sai da aka fasa gefen zaure. Unguwa duk ta fito kallo.

Da farko abin ya yi daɗi. Riguna na fita kamar ana tuya, masu saye na yabawa. Da kaka ta wuce masu ɗinkin hannu suka zo kamar yadda suka saba, aka ba su haƙuri. Akwai wani tsoho a cikinsu da ba ya fashin zuwa duk Juma'a. In an sauko daga masallaci sai ya leƙo zaure ya ce, "Alhaji, ko akwai?" Baba ya ce babu, ya sa a kawo masa abinci. Ya yi ta zuwa, har ya daina.

Ana saura kaɗan Babbar Sallah, shago cike da yadin mutane, aka kawo wuta da ƙarfi ta ƙone wani abu a cikin kan injin. Aka ɗauko mai gyara daga Kano, ya buɗe ya duba ya ce abin sai an yi odarsa daga ƙasar waje. Baba ya aika ƙauye a nemo masa mutanensa. Aka dawo aka ce wasu sun tafi Kaduna acaɓa, wasu sun kama aiki da wani, wasu sun ce sun ji. Na ga manyan mutane suna zuwa suna karɓar yadinsu ba a ɗinka ba, wasu ko zama ba sa yi. Baba ya rame a 'yan kwanakin nan. Bai ɗaga wa Baffa murya ba. Abin da kawai ya ce masa shi ne, "Na gode da shawara."

Rigimar gaske daga baya ta zo. Wani abokin cinikin Baba ya ce masa ɗansa ya dawo daga makaranta da labarin wani mai ɗinki a birni da ya sayi inji ya kori ma'aikatansa ya kwana ciki. Ba a faɗi suna ba, amma wa bai sani ba? Baba ya tare Baffa a tsakar gida, muna ji daga ɗaki.

"Ka jefa ni rami, sannan ka tara yara kana nuna musu ni a ciki?"

"Yaya, ba kai nake nuna musu ba. Kaina nake nuna musu. Ni na ba da shawarar."

"Kanka? Kai albashinka ya tsaya? Sunanka ne ya ɓaci a kasuwa? Asirin gidanmu ka mai da darasi."

"In ban koya musu ba, su ma za su je su yi wa wani abin da na yi maka."

Baba ya shige ɗaki. Daga ranar magana ta yanke tsakaninsu, sai gaisuwa. Sahu ɗaya suke tsayawa a masallacin unguwa, a sallame kowa ya nemi takalminsa. Gwaggo ta yi faɗa, ta yi kuka, ta yi barazanar daina shiga gidan kowannensu, a banza. Mu yara muna tafiya a hankali a gidan, kamar akwai mara lafiya.

Abin da ba mu sani ba sai daga baya, Baffa ya riƙa ɗaukar tsohuwar motarsa duk ƙarshen mako yana bin ƙauyuka, yana neman masu ɗinkin nan ɗaya bayan ɗaya, yana ba su haƙuri. Wasu suka dawo. Ya sami tsohon nan na ranar Juma'a zaune a gindin bishiya, ya roƙe shi. Tsohon ya ce, "Malam, ido ya tafi. Da ban ajiye ba, da hannu ya riƙe hanya ko ido ya rage. Yanzu kam an makara." Baffa ya ba ni wannan labari bayan shekaru. Da aka gyara injin, shagon ya koma tafiya biyu, inji na yin na masu sauri, hannu na yin na masu haƙuri. Haka yake har yau. Amma 'yan'uwan ba su shirya ba, Baffa kuma bai daina koyar da labarin ba.

Shiryawarsu a gabana aka yi, don lokacin na shiga makarantar, ina ajinsa. Ranar da zai ba da labarin, na waiga na ga Baba zaune a kujerar baya, da babbar riga da hula, hannu a kan sanda. Na san ni na faɗa wa mahaifiyata ranar darasin, ban zaci zai kai kunnensa ba. Baffa ya gan shi, ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba. Ya kai inda yake cewa mai ba da shawara ne ya tursasa wa mai shago, sai Baba ya ɗaga hannu kamar ɗalibi.

"Malam, ba haka aka yi ba."

Baba ya miƙe ya ce, "Ni ne mai shagon. Wannan ƙanena ne. Yana gaya muku shi ya tura ni, kamar ni yaro ne. Ni ma na ga injin, raina ya biya. Kuma akwai abin da bai gaya muku ba, don bai sani ba. Ranar da na yanke shawara, mutanena na zaune a zaure suna ɗinki. Ban tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba. In za ku rubuta, ku rubuta da wannan."

Baffa ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Yaya, ka zo gaba mana." Baba ya ce daga nan ma ana jin sa. Tun daga shekarar, duk lokacin da darasin ya zagayo sai Baba ya je, su yi ta musu a gaban ɗalibai a kan wa ya fi laifi, kowa na ja wa kansa. Ɗaliban wasu sassa ma suna zuwa su tsaya ta taga.

Da a nan labarin ya tsaya da na rubuta shi da kwanciyar hankali. Amma Baffa bai rasu hankalinsa kwance ba, kuma ba zan ɓoye wannan ba.

A 'yan shekarun nan ya fara lura da aikin gida da ɗalibai ke kawowa. Turanci sumul, babu kuskure, amma duk kamar baki ɗaya ya faɗa. Aka gaya masa manhajar nan ce ta waya da ake tambaya ta rubuto amsa. Wasu malamai suka ce a hana. Shi ya ce ba zai hana abin da bai sani ba. Ya sa na saka masa ita, ya zauna a ofishina ya rubuta mata tambayar jarrabawarsa da ya fi ji da ita. Kafin ya gyara zama ta amsa. Ya karanta har ƙarshe, ya koma farko, sannan ya ajiye wayar a hankali.

"Ta ci," ya ce. "Da ɗalibi ne da na yaba masa."

Na ce ai ba ta san Zariya ba, ba ta san ɗauke wuta ba.

"Yau ba ta sani ba. Ke dai." Ya ture wayar gefe. "Rayuwata duk na ƙare ta ina nuna wa yara yadda sabon abu ke shiga gidan wasu. Ga shi ya shigo nawa, ban san me zan ce ba."

Daga nan ya canza. Ya rage raha, ya rage cin abinci, matarsa ta ce hawan jininsa ya ƙi sauka. Ya daina ba da aikin gida, ya koma kiran ɗalibai ɗaya-ɗaya yana yi musu tambaya baki da baki, abin da ke cinye masa yini ga aji mai yawa. Wani ɗalibi ya tambaye shi a gaban kowa, "Malam, ayyukan da kake shirya mu dominsu, za mu tarar da su kuwa?" Da wani ne da ya ce Allah ne mai bayarwa ya wuce. Baffa ya ce, "Wasu za ku tarar, wasu ba za ku tarar ba, kuma ban san waɗanne ba. Wanda duk ya ce muku ya sani, ku yi hankali da shi." Yaran suka fita jiki a sanyaye. Na ce masa ya tsorata su. Ya ce gara su tsorata a aji da su tsorata a bakin ƙofar kamfani.

Ya ce zai rushe kwas ɗin ya sake gina shi daga tushe. Ya fara, bai yi nisa ba. Wata safiya ya fito daga aji, ya kai bakin motarsa, ya zame ya faɗi. A asibiti ɓarin jikinsa ɗaya ya mutu, amma yana magana, da ƙyar. Ranar da na gan shi na ƙarshe, da rana ne, matarsa ta fita alwala. Na ce masa ya kwantar da hankali, ɗalibansa na ko'ina suna cin moriyar abin da ya koya musu.

Ya girgiza kai. "Waɗancan sun haye. Na bana nake ji." Ya numfasa. "Kada ki rarrashe su. Kada kuma ki ce kin sani."

Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Bayan addu'ar uku shugaban sashe ya kira ni ya ce ni zan ƙarasa kwas ɗin. Na amsa da to, don babu wanda zan tura wa. Tun ranar, in na tuna zan tsaya inda yake tsayawa, sai tsoro ya kama ni. Na fi shi sanin waya da kwamfuta, amma wannan ba shi ne abin da yaran ke buƙata ba, ni ma na sani.

Ina cikin wannan, bayan an share makoki, Baba ya aiko a kira ni zaure. Na tarar da shi da ƙanena, wanda yanzu shi ke kula da shago. Ashe akwai maganar da suka ajiye tun kafin Baffa ya kwanta. Ƙanena ya samo wata manhaja da ke fitar da zanen riga kala-kala nan take, a tura wa inji kai tsaye. Yana so a fara aiki da ita. In aka yi haka, mai zanenmu, dattijon da ke zana aska da sauran ado a kan yadi tun ina ƙarama, aikinsa ya kusa ƙarewa. Ƙanena ba mugu ba ne. Ya ce shagunan Kano sun fara, masu saye na tambaya, in muka tsaya za a bar mu a baya. Ina jin sa ina jin wata murya da na sani.

Baba ya dube ni ya ce, "Da Baffanku na nan, shi zan tambaya. Ke ce a wurinsa yanzu. Me kika gani?"

Ƙanena na kallona, Baba na kallona. Na san kalmomin littafi da zan iya jerawa su gamsu, na kuma san duk wanda na bi a cikinsu wani zai ji ciwo. Na ce, "Baba, ban sani ba tukuna. Ka ba ni lokaci in ga abin da idona, in zauna da mai zane in ji ta bakinsa, in tambayi waɗanda suka riga mu yadda ta kaya musu. Ko bayan nan ma ba lallai in zo da tabbas ba."

Ƙanena ya yi tsaki ƙasa-ƙasa ya ce kasuwa ba za ta jira bincikena ba. Mai yiwuwa gaskiyarsa ne, wannan ma na cikin abin da ke hana ni sukuni. Baba ya sunkuyar da kai, har na zaci ransa ya ɓaci. Da ya ɗago idonsa ya yi ja.

"Da haka Baffanku ya ce mini a karon farko," ya ce, "da ba mu yi asarar shekarun nan muna gaba ba."

Allah ya gafarta wa Baffa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya yalwata masa kabarinsa, ya ba shi natsuwar da bai samu ba a ƙarshen kwanakinsa. Mu kuma da ya bari da tambayar, Allah ya sa mu amsa ta ba tare da mun cuci kowa ba.